Takaba a Ɗaki Mai Kilim

Birnin Ƙonni, ranar Asabar

Zuwa ga uwargidana Karima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hanifa da jaririnta da maigidanta. Yaya zafin Yamai, yaya hidimar jego? Mu nan lafiya lau, in ban da tuwon da nake ci wanda ba na hannunki ba.

Na zaɓi takarda ne don na san ki da talho, in kin riƙe wayar nan: sai kin buɗe murya duk gida sun ji, maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce.

Yayana Alhaji Badamasi ya sauka daga Kwatano ransa a ɓace. Kin san dokar da ya kafa tun ranar da ya buɗe otel ɗinsa, cewa duk ɗan'uwan da ya zo daga garinmu Bazaga a ba shi ɗaki kyauta. Kin kuma san wanda ya damƙa wa wurin, Tanimun, mai kwat da igiyar wuya cikin ranar Ƙonni, wanda ya hana a ce masa manaja sai Darakta. Kowace Juma'a yakan buga wa Alhaji ya jera masa dangin da suka kwana. Alhaji ya saurara yana lumshe ido, ya fita majalisa ya ba da labarin yadda dangi suka hana shi cin riba.

To, a cikin sunayen da Darakta ya jera kwanan baya har da Zahara'u, matar ƙanenmu marigayi Sha'ibu. Wai ta kwana a ɗaki mai kilim, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Zahara'u fa, wadda ko rabin takabarta ba ta yi ba.

Alhaji ya rantse macen da za ta bar ɗakin takaba ta kwana a otel ba za ta riƙe masa marayun ƙanensa ba. Zai kwashe Asma'u da Tijjani ya tafi da su Kwatano. Na ce a tambaye ta tukuna. Ya dube ni irin duban da ake yi wa tsohon malamin lakwal ɗan boko, ya ce shi ba ya tambayar wanda ya yi wa alheri, don ba ya gori.

Ki yi shiru da wannan, ko Hanifa kada ta ji. Ki shafa mini kan angon naki.

Mijinki,
Abdulwahab

Birnin Ƙonni, ranar Talata

Zuwa ga uwargidana Karima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan ciwon gwiwarki ya lafa. Na ji saƙonki cewa Zahara'u ba za ta aikata ba. Ni ma na sani, amma sanina ba ya da kwat.

Kin tuna ƙwararren da Alhaji ya ɗauko daga Yamai bara don ya toshe hanyoyin zamba a otel? Na halarci laccarsa. Ya yi ta haska zane-zane a bango da faransanci mai santsi, ya ci kaji, ya kafa kamarori ya tafi. Jiya na je na gan su. Ɗaya tana kallon akwatin kuɗi, ɗaya tana gadin sabulu da tawul, ɗaya kuwa ta ƙura wa masu shara ido kamar su suka kashe sarki. Na roƙi Darakta ya nuna mini hoton ranar da Zahara'u ta zo. Ya ce ranar an ɗauke kuran, ba wutar lantarki. Na lura kuran ɗin nan mai ladabi ne, ya bar kilim yana aiki ya kashe kamara kaɗai.

Sai na zauna muka sha shayi, na yi ta yaba masa ƙoƙari. Mutumin nan, in ka yabe shi, bakinsa ba ya rufuwa. Na tambaye shi yadda ya ga baƙuwar tamu. Ya ce dattijuwa ce mai jiki, mai fara'a, har ta sa masa albarka saboda sanyin ɗakin. Karima, Zahara'u da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka! Kuma bai ma san tana takaba ba, don Alhaji ya ji kunyar faɗa masa.

Na kalli harabar wurin: motocin 'yan kasuwa cike, masu lambar Najeriya da masu lambar Benin, ba fuska ɗaya ta Bazaga. Abin ba wuya. Ya ba baƙo ɗaki, ya zuba abin da aka biya a aljihun kwat, ya ce wa Alhaji ɗan'uwa ne ya kwana. Ya gane abin da ƙwararren bai gane ba: Alhaji zai iya ƙirga sabulu, amma har abada ba zai tambayi ɗan'uwansa ko ya kwana a ɗakinsa ba. Na koyar da tarihin sarakunan da fadawa suka cinye, ban taɓa zaton zan ga ƙaramin bugu a gidanmu ba.

Ban gaya wa Alhaji ba, don in maganata ta haɗu da ta Darakta, kin san wadda zai ɗauka. Na dai ce masa ba a raba uwa da 'ya'yanta ba shaida, mu tafi da Tanimun ya nuna ta gaban dattawa. Ya yarda. Shi kuwa Darakta na ce masa fili za mu dubo na sabon reshe. Har ya fara tambaya ko za a sa sunansa a allo. Allah ya yafe mini wannan.

Jibi za mu tafi. Ki sa yaran nan a addu'a.

Mijinki,
Abdulwahab

Birnin Ƙonni, ranar Juma'a

Zuwa ga uwargidana Karima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da masu jego. Mun je Bazaga mun dawo.

Darakta ya yi ta zuba a mota har muka bar kwalta. Da ya ga mun tsaya ƙofar gidan marigayi, dattawa zaune kan tabarmi, sai igiyar wuyan ta fara shaƙe shi. Aka yi mana iso. Mata na zaune a rumfa. Zahara'u na gefe cikin lulluɓi, ba kwalli ba ɗan kunne, Tijjani ya kwantar da kai a cinyarta. A tsakiya kuwa Gwaggo A'ishatu ce ta cika tabarma ita kaɗai.

Alhaji ya ce wa Darakta ya gaida baƙuwarsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tuna abin da ya gaya mini, ya je ya durƙusa gaban Gwaggo da kwat ɗinsa. Ya kira ta Hajiya Zahara'u, ya tambaye ta ko kilim bai yi mata yawa ba. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa shan wannan maganin ba, in yana maganin baya a kawo mata.

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na mai da ita tari.

Daga nan Baba Chindo ya gyara zama. Ya ce tunda an taɓo otel, shi da ya je asibitin ido, wannan mai igiyar ne ya tare shi a ƙofa ya ce ɗakuna sun cika, ya kwana kan benci a tasha. Wani ya ce shi ma haka, wani ya ce shi ko ruwa ba a ba shi ba. Ashe duk Bazaga an daɗe da yanke cewa arziki ya sa Alhaji ya manta da mutane, ba wanda ya faɗa masa don kada a ce suna roƙo. Shi yana can yana kunyar gori, su suna nan suna kunyar roƙo, Tanimun na tsakiya yana sayen kwat.

Da aka matsa wa Tanimun, ya ce sunayen a bakin Alhaji yake tsinta in yana talho. Ya ji ana yawan ambaton Zahara'u kwanakin nan, sai ya ɗauka wata babba ce a dangi. Da ya taka ya zo ta'aziyyar Sha'ibu kamar kowa, da har yau yana cin abinsa. Na hango shi ya nufi kwalta a ƙasa, kwat a kafaɗa, yana neman kabu-kabu.

Alhaji ya daɗe bai ɗaga kai ba. Sannan ya matsa bakin rumfa ya nemi gafarar Zahara'u, muryarsa ƙasa-ƙasa. Sai lokacin ta san abin da ya kawo mu. Ta jawo Asma'u ta haɗa da Tijjani ta riƙe. Yara suna wurin uwarsu, ba inda za su.

A hanyar dawowa Alhaji ya buga wa ƙwararrensa, ya ce a ƙaro kamara.

Da safen nan Zahara'u ta aiko a gaishe ki. Ta kuma ce in gaya wa Alhaji, in ta fita takaba za ta zo Ƙonni da yaranta a nuna mata ɗakin nan da ta kwana, don ba ta samu ta dube shi da kyau ba.

Ki gaida Hanifa da maigidanta. Ki dawo haka nan, tuwon ya ishe ni.

Mijinki,
Abdulwahab