Bugu Biyu a Kan Baƙin Yashi

Litinin, 4 ga Agusta

Sabuwar baƙuwar da zan yi wa jagora a nutso, mai ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku daga Surabaya, Ibu Wulan (a nan Ibu muke ce wa uwargida, Pak malam, Om kawu). Ta haura sittin, kyamararta ta kusa fin ta nauyi. Sunana ta kama tun a ofis. Wai an ce mata duk mashigin tekun Lembeh babu mai idon Noldi, wato ni.

Na maimaita mata ƙa'idata kafin mu shiga ruwa. Kada ta harba ƙafa, yashin nan in ya tashi sai hoto ya cika da ɗige-ɗige. Fitilu a gefe, ba a gaba ba. In na zana da'ira da sandar ƙarfena, ga abin ɗauka. In na buga yashi sau biyu, na duba wurin babu haɗari, ta dafa yatsa ta tsaya da kyau. Ta ce, "Pak Noldi, tun kana makaranta nake nutso." To, madalla.

Talata, 5 ga Agusta

Nutso uku, dokin-teku ɗaya tak. Shi ma don na san soson tekun da yake zama a kai ne tun bara. Da ƙwaƙwalwa nake aiki yanzu, ba da ido ba. Nan kaɗai zan iya rubuta wannan.

Alhamis, 7 ga Agusta



Zurfin mita goma sha takwas. Na samo mata ɗan jatan lande a kan ciyawa, na duba yashin gefe, baƙi wuluk, babu komai. Na buga sau biyu. Ta dafa. Sai na ga ta sandare, ta juya kyamara a hankali zuwa hannunta, fitila ta yi ta walƙiya. Ni ina gefe kamar gunki, ban san me take ɗauka ba.

A jirgi ta nuna wa kowa. Gurita ce, 'yar halittar nan mai hannu takwas, irin mai shuɗɗan zobba. Ba ta fi babban yatsana ba. Zobban sun kunnu, wato ta fusata. Tsakaninta da yatsan Ibu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Cizonta ba a ma jin sa, sai dai numfashi ya tsaya, kuma ba shi da magani.

Ibu ta ce da ƙarfi, "Shekara shida ina nemanta, ga wanda ya samo mini!" Om Yance direban jirgi ya doki bayana: "Kai maye ne, wallahi! Ko a cikin tukunyar gawayi sai ka ga kwarkwata." Na yi dariya. Na karɓi yabon. Da muka sauka na zagaya bayan ɗakin tulunan iskar nutso na yi amai.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ban buga yashi ko sau ɗaya ba. Na bar Ibu tana lilo a ruwa, rabin hotunan sun lalace. 

Asabar, 9 ga Agusta

Na wuce ta gaban Om Berti yana cika tuluna. Shi ya koya mini aikin nan. Ranar da ya sa tabarau a gilashin nutsonsa baƙi suka daina neman sa, wa zai biya makaho ya nemo masa abin da bai kai ƙwayar wake ba? Cikin wata biyu aka mai da shi ɗakin tuluna. Har da ni a masu tsokanarsa. Yau ya ce, "Na ji labarin guritarka." Ya daɗe yana kallona. Na ce ina sauri.

Lahadi, 10 ga Agusta

A coci matata Sarce ta zunguro ni: "Baban Jein, in hannunka ya ƙara tsawo, littafin waƙar zai taɓa ƙeyar na gaba." A gida ta ajiye tabaranta na ɗinki kusa da farantin soyayyar ayabata. Na ce ni ba tsohuwa ba ce. Ta ce, "Ni dai ba na son zama matar wanda ya kashe 'yar mutane." Ban gaya mata komai ba fa! Wai a barcin rana nake ta cewa, "Ɗauke hannunki."

Tsoro nake ji, Allah ya sani. In na faɗa, ɗakin tuluna. In na yi shiru, wata rana zan hau jirgi da gawa.

Talata, 12 ga Agusta

Ibu ta tafi. Na kai mata jaka bakin gadar da ake hawa jirgi, bakina cike da magana, na kasa. Ita ce ta tsaya, ta rage murya yadda Om Yance ba zai ji ba.

"Pak Noldi, ran Alhamis ba da'ira ka zana ba. Bugu biyu ka yi."

 Na fara cewa, "Ibu, ni..." Ta ce, "Jikoki huɗu gare ni. Ka duba jakarka."

Gilashin nutsonta na biyu ne a ciki. Rabin ƙasansa tabarau ne.

Laraba, 13 ga Agusta

Igiyar gilashina ta soma tsagewa, shi ya sa na ɗauki nata. Ba wani abu ba.

Om Yance ya gani, ya buɗe baki, na ce masa in ya yi magana zai koma gida da iyo. Da safe babu baƙi, na sauka ni kaɗai inda muka je ran Alhamis. Ashe yashin nan ƙwaya-ƙwaya ne. Na manta.

A filin da nake kwantar da baƙi shekara biyu, wanda nake cewa fes yake, na ƙirga kifin dutse mai dafi guda uku, a binne, idanunsu kaɗai a waje. Na daɗe a wurin ina jin ƙarar numfashina.

Da na fito na biya ɗakin tuluna. Na tambayi Om Berti wane shago ne a garin Bitung yake yanka irin tabaran nan. Bai yi dariya ba. Ya ciro takarda daga aljihu, an riga an rubuta sunan shagon, har ta yi laushi don daɗewa.