Murfin Akwatin Taba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da Auta? Karatu lafiya lau, kada ku damu.

Tsohon da nake zaune a gidansa yana ajiye tabarsa mai kauri, ta naɗin ganye, a akwatin katako da jiƙaƙƙen soso. Duk da haka tana bushewa tana tsagewa. Ya ce in ni ke buɗewa, in nemi wani gidan. Na ɗan yi kuka, sai na tuna yadda kake gwada ƙofa. Na sa takarda na rufe murfin, na ja, ta fito sumul. Ashe iska ke shiga.

Da na nuna masa muka gyara murfin, ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki?"

Na ce, "Babana kafinta ne." Baba, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka