Wai Sani Baƙo Ne

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Mu ma nan unguwar Nima, a Accra, kalau muke.

Ɗanki Sani, wato ɗana, ya je rajistar zaɓen unguwa, sai wakilin wani ɗan takara ya tare shi, wai ba ɗan Gana ba ne. Yaya, mutumin nan ya ci naman sunan Sani a gidanmu. Na lura matasan layinmu kaɗai yake tarewa, waɗanda suka ce ba ƙuri'a sai an gyara kwata. Gobe zan raka Sani da limamin da ya raɗa masa suna, mu ga ko zai ƙaryata liman.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Malama Rabi