Suna a Wuyan Rigar Baba

Fulda, farkon watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Volkmar,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Annegret da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar ku da hasken ranar nan na Adelaide da kake ta yi mana gori da shi a hotuna. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, tuffar bayan gida ta zuba har ta gundure mu, maigidana Detlef yana fama da gwiwarsa kamar kullum, 'yarmu Wiebke kuma ta dawo gida da akwatunanta bayan sun ɓata da saurayin nan nata mai gemu. Na zaɓi in rubuto da hannu ne don na san halinka, in a waya ne, da an zo maganar da ba ka so sai ka ce layin ba shi da kyau.

Ranar Asabar ta sama za mu tafi ɗan gajeren hutu bakin tafki a Lindau, kuma Baba ne ya tsara mana hanya. Da ka gan shi da ka yi dariya. Ya ciro tsohuwar taswirar nan tasa da ta yayyage a naɗi, ya shimfiɗa ta a teburin kicin, yanzu ko burodi sai a tsaye muke ci. Da jan fensir ya ja hanyar. Wai za mu tsaya a Ulm mu ci abincin rana, mu kwana a Lindau, washegari mu shiga jirgin ruwa zuwa Bregenz, daga nan mu hau dutsen Pfänder a motar nan mai tafiya rataye a igiya. Ka tuna sandar yawonsa, wadda duk dutsen da suka hau shi da Mama sai ya sayi ɗan tambarin ƙarfe mai sunan dutsen ya buga mata? Ta cika daga ƙasa har sama, sai gurbi ɗaya kusa da mariƙi. Na Pfänder ne, can suka yi shirin zuwa shekarar da ciwon Mama ya tashi. Kullum da safe sai ya goge sandar da tsumma yana cewa bana dai zai cike gurbin nan, har 'yar guduma ya sa a aljihun jaka.

To, ka zauna da kyau, Baba ba ya cikin tafiyar nan. An samu gado a gidan kula da tsofaffi na gabashin gari, mai jan rufin nan, kuma ranar Asabar ɗin suka ce a kawo shi. Za mu sa shi a mota kamar kowa, mu tsaya can a ce masa ma'aikaciyar jinya za ta duba masa hawan jini kafin doguwar hanya, su kuma sun san yadda suke yi da sauran. Kada ka buɗe mini ido daga can ƙarshen duniya. Ba kai ka tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan murhu shi kuma yana lambu yana hira da katanga ba. Ba kai ka ɗaga shi daga ƙasan banɗaki ba. Tun rasuwar Mama ni ce wanki, ni ce magani, ni ce yankan farce, kai kuma ɗan lele, sai dai aiko katin Kirsimeti mai hoton teku. Na gaji, Volkmar, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ɗakinsa na ƙasa Wiebke za ta shiga, har ta auna tagogi don labule ranar da ya je aski.

Ka san dokar irin gidajen nan, ba sa karɓar tufa sai da sunan mai ita a jiki, don a injin wanki ɗaya ake zuba na kowa. Sai na sa aka bugo mini sunansa a 'yan ƙyallaye, na zauna ina ɗinkawa a wuyan riguna da ƙugun wanduna, har safa ban bari ba. Ya shigo ya same ni a kai, ya ɗauki riga ɗaya ya karanta a hankali, Ortwin Rehbein, kamar sunan wani baƙo. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce masa ai otal-otal na yanzu haka suke so. Ya ce ikon Allah, zamani ya canja, shi da Mama sun kwana a masauki ba adadi ba wanda ya taɓa tambayar sunan safarsa. Na ce to yanzu ana tambaya. Har zare ya riƙa miƙo mini, ya ɓata mini lokaci.

Ranar Lahadi da muka zauna shan kofi da kek ɗin tuffa, sai rigimar hanya ta tashi. Shi jan fensirinsa ta kudu ya fita daga gari, don mu bi ta maƙabarta ya gaya wa Mama ya tafi cike mata gurbi. Detlef, ka san shi da rashin iya ƙarya, ya yi ta kame-kame yana cewa ana gyaran titi a kudu, na'urar nuna hanya ta mota ta ce ta gabas za a bi. Baba ya ce gyaran me, shekaranjiya ya bi ta nan a bas, ko rami ɗaya babu. Wiebke tana danna waya, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce haba Kaka, kai dai ka shiga mota kawai, ina ruwanka da hanya, ai kai ba nisa za ka yi ba. Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur har ta yi ƙara. Baba ya ɗora yatsa a kan taswira, ya bi titin gabas da shi a hankali, ya tsaya daidai wurin. Ya ce wato ta gaban gidan da aka kai Gernot ke nan. Gernot abokin kartarsa ne, ka san shi, mai tari. Na ce eh, kan hanya ne. Ya ce ya je duba shi da bazara, ya same shi sanye da rigar wani, sai da ya juya masa wuyan rigar ya karanta sunan. Detlef ya tashi wai zai duba tayar mota, matsoraci, ya bar ni da shi. Ni kuwa na yanka wani kek na ci abina, don ni na gasa.

Na zata zai yi rigima, har na shirya abin da zan faɗa masa, ba kaɗan ba. Bai yi ba. Washegari ya naɗe taswirar ya ba Detlef, ya ce hanyar tana da kyau, kada a bari jirgin safe ya wuce, ya fi na rana rashin cunkoso. Sannan ya zo mini da sandar, ya ce 'yata, ko akwai sauran ƙyallen sunan nan, a ɗaura wa wannan ma, a otal-otal na yanzu abin da ba shi da suna ɓata yake yi. Na karɓa na ce to. Ban ga amfanin gaya masa cewa ba sa yarda da sanda mai tsinin ƙarfe ba, keken da tsoho ke dafawa yana turawa suke bayarwa. Sandar kuwa, Detlef ne zai tafi da ita, ta yi masa daidai da gwiwar nan tasa. In mun tuna za mu sayi tambarin, in kantin yana buɗe. Tsakani da Allah na ji sanyi a raina da abin ya zo da sauƙi haka. Tun ranar yake zama a bakin gado da jakarsa a ɗaure, ya daina zuwa lambu, abincinsa ma ba ya cinyewa, aikin ya ragu sosai.

Abin da nake so da kai kaɗan ne, daidai ƙarfinka. Ka kira shi, ka yaba hanyar da ya tsara, ka tambaye shi labarin jirgin ruwa da dutse, ka yi masa fatan sauka lafiya. Shi yana yi kamar bai sani ba, mu muna yi kamar mun yarda, kada ka zo da kukan nan naka ka ɓata mana shiri. In kuwa zuciyarka ba za ta iya ba, ga shi nan, kayansa a ɗaure suke, da suna a jikin komai, ba zai ɓata a filin jirgi ba. Ka aiko a ɗauke shi. Na san amsarka, shi ya sa ban jira ta ba.

Ka gaishe mini da Annegret, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko. Ka shafa mini kan Jorinde da ƙaramin Tilman. Detlef da Wiebke suna gaisuwa, za mu turo muku hoto daga kan dutse. Baba ma yana gaishe ka. Ya ga ina rubutu ya tambayi ko kai ne, na ce eh. Ya ce in gaya maka, in za ka kira ka daure ka kira kafin Asabar, don daga ranar bai san lambar da za a same shi ba.

Taka yayarka,
Heidrun