Jikana Ya Kulle Muryar Yayana Cikin Kwamfuta

Malama Haske, ki taimake ni, don in ban samu shawara ba zan ɗauki taɓarya in yi wa wani akwati aika-aika. Ki yi haƙuri da rubutuna. Karatun yaƙi da jahilci na yi, shi ma rabinsa gyangyaɗi ne.

Ni tsohuwa ce a Filinge, amma cibiyata tana can ƙauye cikin ƙasar Kurfai. Yayana Ɗangoma makaɗin garaya ne, shi ke kiran iskokin gidanmu da kirarinsu in za a roƙi ruwa kafin shuka. Kafin ya rasu, wasu ƴan furoje, wato ma'aikatan wani shiri na tara waƙoƙin dauri, sun ɗauki muryarsa cikin wata kwamfuta ta kan tebur, irin mai ƙaton cikin nan. Da sojoji suka karɓi mulki, masu furoje suka naɗe tabarmarsu, suka bar wa jikana Hamani akwatin, don shi ke yi musu tafinta. Sai na samu abokin hira. In aka taɓa, sai a ji Ɗangoma ya yi tarinsa na masu cin taba, ya zagi mai ɗaukar maganar, sannan ya fara. Ɗansa Gado, wanda ya gaji garayar amma bai gaji kan ba, yana zuwa duk ranar kasuwa yana saurare yana koyo. Ko rabi bai kai ba.

To shi Hamani, wanda nake kira mijina tun yana yawo ba wando, yanzu sana'arsa buga wa mutane katin suna da na biki. Wai manhajojin zamani da yake so ba su zama cikin tsohon tsarin kwamfutar. Bai tambayi kowa ba ya zuba mata sabon tsari. Fuskar akwati ta yi fes, har da hoton tsauni da furanni. Amma manhajar da masu furoje suka bari, wadda ita ce ta san buɗe bakin Ɗangoma, ta ce ba ta san wannan gida ba. Sunayen waƙoƙin suna nan jere, farare fat kamar haƙoran mataccen jaki. A taɓa, shiru.

Tir da wannan ƙazamar sana'a! A ƙera abu bana, baɗi a ce ba ya jituwa da ɗan'uwansa? Turmin da na gada wajen uwata, duk taɓaryar da ta shiga daka take yi.

Ni dai na ɗauka mutanen ɓoye ne suka yi fushi, an sake musu ɗaki ba sallama. Na yi wa akwatin turaren wuta, na lulluɓe shi da baƙin zane yana kunne. Ya ɗau zafi kamar tukunyar dambu, ya suma, da ƙyar ya farfaɗo. Sai na sa aka kai shi wajen wani mai gyara a kasuwa. Da na bi sawu, na tarar da mai gyaran yana cin soyayyar fara, yana latsa madannai da hannun mai, har ƙafar fara ta faɗa tsakanin haruffa. Bai ko ɗaga ido ba ya ce sai an yi wa abin formate, wai wankan tsarki ne. Na sa aka kwaso mini kayana.

Ga abin da ke cin raina. Hamani ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya sha faɗin garaya shirka ce. Zuciyata na raya mini da gangan ya yi. Shi kuwa ya rantse kuskure ne. Na dai sake shi, saki uku: na daina aika mishi fura, in ya gaishe ni sai in duba gabas. Ga hadari ya fara leƙowa, mutanen ƙauye na jiran Gado. In bari a yi formate ɗin? Yaron nan kuma, in yafe ko in ci gaba da zawarci?

Bazawarar Jikanta, Filinge

Kaka, ajiye taɓarya. Kada ki yarda a yi formate. Ba wanka ba ne, shara ce, kuma da Ɗangoma za ta tafi. Tunda sunayen na nan, alama ce muryar na nan, mabuɗi ne ya ɓace. Turare da zane kuma a bar su, toshe wa na'ura hanyar iska suke yi.

Kafin a taɓa komai, a kwafe waƙoƙin duka cikin kile biyu, wato ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ɗaya ki ƙulle a bakin zanenki. Sannan a gwada manhajojin saurare na kyauta masu buɗe sauti iri-iri. In sun ƙi, akwai yadda ake lallashin sabon tsari ya karɓi tsohuwar manhaja. In wannan ma ya ƙi, a nemi kwamfuta mai tsohon tsari, ba a rasa irinta a gari. A buɗe su can, a juya su zuwa sautin da waya da rediyo mai kati ke ɗauka.

Takaicinki yana kan hanya, ni ma ina ƙyamar kayan da ke tsufa kafin mai su ya gaji da su. Hamani ya yi laifi da ya taɓa amanar gida ba shawara. Amma mai nufin ɓatar da Ɗangoma gogewa zai yi, ba zai bar sunayen jere ba, kuma gaskiya ce sana'arsa na son sababbin kayan aiki. Shi za ki ɗora wa aikin nan. Ba ki ce ya bi garaya ba, cewa kika yi ya gyara abin da ya ɓata, addininsa ma ya san amana. Yadda zai karɓi aikin zai ba ki amsar da rantsuwa ba ta ba ki ba.

Amma kada ki sa shuka ta jira akwati. Wadda ta san Gado bai kai rabi ba, ta san ɗaya rabin. Ki zaunar da shi ranar kasuwa mai zuwa, ki ba shi da bakinki.

Saki uku kam kin yi gaggawa, sai dai na kaka da jika ba ya buƙatar liman. Ranar da kika ji tarin Ɗangoma ya fito daga akwatin nan, ki dama fura ki aika wa mijinki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba mu damina mai albarka.