Ɗigon Zabuwa a Hanjin Rabi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Bungudu. Ya Alhaji da yara, ya ruwan Fatakwal, ya ƙafarki? Mu nan lafiya lau, an fara yankan gero.

Bayan haka, ɗiyata Rabi tana nan yadda kika san ta, shekara sha biyu ba magana, sai murza hannu. Cikinta ya ɗaure har da jini, daga Gusau aka tura mu babban asibiti. Suka zura mata roba mai fitila ta dubura, suka ce hanjinta ya yi baƙi da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Likita sai kiran 'yan uwansa likitoci yake su leƙa, har da ɗaukar hoto, wai irin lalurarta ba kasafai ake gani ba. Yanzu sun matsa mu koma. Wannan zumuɗi nasu bai kwanta mini ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, likitan ya dube ni ya ce, "Hajiya, kuna ba ta filasko?" Na ce sam. Alhali shekara shida ke nan ina jiƙa mata don cikinta ya saki, yadda kika koya mini. Ko babanta bai sani ba. To wa ya gaya masa?

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna Mairo. Ki kuma rubuto mini gaskiya ko kin faɗa wa wani. Don in ba ki faɗa ba, cikin yarinyar da ba ta magana ne ya tona ni.

Ƙanwarki,
Saude