Kwalbatin Rafin Marke

Gummi,
Talata, 7 ga Oktoba.

Zuwa ga jikata Mardiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yau Talata na tashi da sauƙi. Gwiwar hagu ce kawai take gunaguni, tari kuwa ya ƙyale ni na yi asuba a tsaye, abin da na yi wata guda ban samu ba. Atine maƙwabciyata ta kawo kunu, ita ce kuma za ta ɗauki hoton wannan takarda da wayarta ta turo miki. Kada ki ce in kira. Kin san kunnena, in an sa mini waya sai in ji kamar ana soya gyaɗa a wani gida.

Na ji a rediyo cewa majalisarku ta ware yini guda don muhawara a kan tsaron ƙasa. Tun da kina buga takardu a ofishin Onarabul, ga wata na rubuta, shafi uku, da Turanci. Ki sa masa a hannu.

Ga dalili. Ƙanwata Hure, wadda kuke kira Iya, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Tana Tungar Gawo, bayan Gwashi, tafiyar da a da ba ta kai rabin yini ba. Yau shekara huɗu ban ga fuskarta ba. Ranar da kakarki ta rasu ma ba ta samu zuwa ba, sai ta aiko da ta'aziyya a bakin direba. Ni tamanin da uku gare ni, ita saba'in da takwas. Ina so in gan ta da idona kafin ɗayanmu ya riga ɗaya.

Hanyar nan na san ta fiye da tsakar gidana, domin shekara goma sha ɗaya na bi ta a keke ina duba makarantu. Duk abin da ke faruwa a kanta a wuri ɗaya yake faruwa, wato Rafin Marke. Kwalbatin ya karye, dole mota ta gangara cikin yashi, fasinjoji su sauka su tura. A nan mutanen daji suke jira. Ban roƙi jirgin sama ba, ban roƙi bataliya ba. Kwalbati na roƙa.

Ke kuma amaryar da ta gudu birni ta bar miji da tukunya, wannan ce damarki ta biyan laifi.

Ki gai da abokan aikinki. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Namadi Abdulwahabu

*

Abuja,
Alhamis, 16 ga Oktoba.

Angona tsoho,

Ina gaisuwa, ina kuma gai da gwiwar hagu. Zauna da kyau kafin ka karanta, kada ka ce ni na kayar da kai.

Na buga takardarka. Rabin shafin farko duk kirari ne da neman gafara, na cire, ka yafe ni. Takardu sun fi ɗari a teburin Onarabul, sai na ɗora taka a sama, na danne ta da tabaransa.

Jiya aka yi muhawarar, ina zaune a benen 'yan kallo tun safe. Wani ya ce a ƙara sojoji. Wani ya ce a sayo jirage marasa matuƙi. Aka shiga gardamar 'yan sandan jihohi har mutum biyu suka miƙe suna nuna juna da yatsa, mai jagorantar zaman yana ta buga guduma. Sai bayan azahar aka ba Onarabul minti biyar, lokacin rabin mutane sun koma duba waya.

Ya ce ba zai yi jawabi ba, wasiƙar wani dattijo zai karanta. Da ya fara da “Ni, tsohon mai duba makarantu, mai baƙin keke”, sai dariya ta tashi, don irin Turancin nan naka na makarantar Midil rabon da a ji shi tun kafin a haifi yawancinsu. Amma da ya zo inda ka lissafa yadda ake sauka a tura mota, mata da goyo a baya, direba yana waige-waige, sai na ga ana ajiye wayoyi. Da ya karanta cewa kana da ƙanwa a bayan rafin, har mai jagorantar zaman ya ajiye gudumarsa.

Wani ɗan majalisa daga kudu ya tashi ya ce su ma suna da gada irin wannan, kuma a nan ake tare mutanensa. Wani daga gabas ya ce haka. Kafin a tashi an sa maganar gyaran wuraren da motoci ke tsayawa dole a cikin ƙudurin majalisa, aka tambayi masu goyon baya, suka amsa da murya ɗaya.

Ni dai na yi kuka a bene, wata mata ta ba ni hankici. In ka gaya wa kowa, na fasa auren.

Taka,
Mardiyya

*

Gummi,
Lahadi, 19 ga Oktoba.

Zuwa ga Mardiyya,

Bayan gaisuwa. Yau babu abin da ke mini ciwo, ko kuwa yana yi ban kula ba.

Tun kafin takardarki ta iso na ji a labaran yamma. “Wani dattijo daga Gummi,” in ji mai karantawa. Na manna rediyo a kunnen dama har ya yi zafi. Ba su faɗi suna ba, amma garin nan ba shi da dattijo biyu masu baƙin keke. Zauren da na saba zama ni kaɗai da ƙadangaru, ranar Juma'a sai da aka aro tabarma. Masunta sun kawo kifi. Wani tsohon ɗalibina da na taɓa kora gida saboda makara ya zo da furfurarsa ya ce shi tun da ya san zan yi suna. Na ce masa har yau ma a makare ya zo.

Rabin shafin da kika cire shi ne mafi kyau a takardar, amma na yafe.

Yanzu tun da an ba da oda, na lissafa. A zamaninmu in takarda ta fito daga lardi ranar Litinin, Laraba za ka ga lebura da diga. Na ba su mako biyu saboda siminti yana son ya sha iska. Na riga na rubuta wa Hure ta hannun Makau direba cewa ta ɗaure kayanta, ƙarshen wata hanya ta buɗe. Na sa an share ɗakin kakarki, an sauya katifa.

Ki miƙa godiyata ga Onarabul. Ki ce masa ya iya karatu.

Kakanki,
Namadi

*

Abuja,
Laraba, 22 ga Oktoba.

Kaka,

Ina gaisuwa. Yau ban zo da wasa ba. Laifina ne da ban yi maka bayani ba. Ƙuduri ba oda ba ne. Shawara ce majalisa take aika wa masu aiwatarwa, sai an sa aikin a kasafi, sai an ba da kwangila. Yana iya ɗaukar shekara, yana iya fi. Don Allah ka aika wa Iya Hure kada ta taso. Rafin yana nan yadda ka san shi.

Abin da ya tabbata shi ne an naɗa ƙaramin kwamiti ya zagaya ya ga irin wuraren da ido. Rafin Marke yana cikin jerin. Sun sa Alhamis, 6 ga Nuwamba, kuma Onarabul ya ce daga can zai kawo su gidanka su gaishe ka.

Ka yi haƙuri, Kaka. Ka ci abinci.

Mardiyya

*

Gummi,
Asabar, 25 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Hure,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Ni kwana biyu jikin ya ɗan koma baya, amma da sauƙi.

Na yi kuskure a takardar da na aiko miki. Na ɗauka magana ta zama aiki, ashe da saura mai nisa. Kwance kayanki. Ba a taɓa kwalbatin ba, ba kuma za a taɓa shi bana ba. Wasu manya dai za su zo su duba shi ranar Alhamis ta sama, shida ga wata, su biyo ta nan su gaishe ni. Iyakar abin da takardata ta samo ke nan, gaisuwa.

Na hana ki tasowa. Ina yayanki, ki ji maganata. Gara in yi ta kewarki kina raye.

Yayanki,
Namadi

*

Tungar Gawo,
Laraba.

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Mu nan lahiya lau, mun yanke shinkahwa. Naja'atu matar ɗana Sufyanu ka rubutawa, na ce mata ta sa yadda nic ce, kar ta gyara min baki.

Takardunka biyu sun iso. Ta hwarko munka yi dariya, ta biyu munka yi murna. Kai da bokonka duk ka juya su. Wa ya gaya maka muna jiran siminti? Labarin da ka sa a ƙarshe kamar abin banza, shi ne labari.

Kai ka daɗe ba ka zauna ƙauye ba. Mu nan mun san abu guda. Duk randa anka ce manya za su biyo hanya, kwana biyu kahin nan za ka ga sojoji sun kahwa tanti ga rafi, har a zuba ƙasa cikin ramu don kar motar manya ta kahe. Randa sunka wuce a naɗe tanti. To cikin kwanakin nan mai ciwon haƙori shi kan tai asibiti, mai kayan biki shi kai, mai bashin gaisuwar mutuwa shi biya. Bara da anka ce wani babba na tahe, ina kwance da zazzaɓi, shi ya sa ta wuce ni. Bana ƙahwata ƙalau.

Na gaya ma mai gari ranar, shi kuma ya gaya ma kowa. Makau ya ce motarshi ta cika tun jiya, har da Iya Barakatu ta rugar Fulani da za ta ga jikanta. Talata za mu aika a dubo. In an ga tanti, Laraba da hantsi muna tahe. In ba a gani ba, ina nan zaune, ka ji na bi maganarka.

Da kac ce ka hana ni, tun muna yara kake hana ni hawan kanya, kuma kai ka cin wadda nis sauko da ita.

Kar ka sa a dahwa komi. Na san tuwon maƙwabta ya ishe ka.

Ƙanwarka,
Hure

*

Gummi,
Juma'a, 7 ga Nuwamba.

Zuwa ga jikata Mardiyya,

Bayan gaisuwa. Yau Juma'a, cikina ne ya ɗan yi nauyi, kuma na san dalili.

Laraba tun da na idar da asuba na sa kujera a ƙofar gida. Ban iya karin kumallo ba. Duk motar da ta shigo layi sai in miƙe, gwiwa ta mayar da ni. Na yi ta tunanin in tantin nan na ƙarya ne fa, in an naɗe shi suna tsakiyar yashi fa, ni ne na rubuta ranar da hannuna. Azahar ta yi, shiru.

Ana kiran la'asar sai ga motar Makau, kaji a sama, buhuna a baya, mutane kamar za su zubo. Wata 'yar tsohuwa ta sauko da baya, tana faɗa da direba a kan ya taka mata ƙullin daddawa. Da muryar na gane ta. Ta tsaya a gabana ta dube ni sama da ƙasa.

“Yaya, wa ya cinye ka haka?”

Na ce mata ita ma ba ƙaruwa ta yi ba. Daga nan ban san abin da muka ce ba. Atine ta ce mun fi minti goma riƙe da hannun juna a tsakiyar layi, masu babur suna kewaye mu.

Sun tarar da sojoji a rafin, an cike ramin, ko sauka ba su yi ba. Mota tara ta fito daga yankinsu a ranar. Hure ta ce in gaya miki an cire haƙora uku a asibiti albarkacin Turancina.

Ta karɓe madafa. Ta ce katifar da na saya ta yi laushi, ta shimfiɗa tabarma. Ta zauna a ɗakin kakarki ta yi mata addu'ar da ta yi shekara biyu tana riƙe da ita, muka yi kukanmu, sannan ta tuka tuwon shinkafa da miyar kuka irin ta Innarmu. Na ci malmala biyu.

Makau ya juya da sauran fasinjojin jiya da sassafe tun tantin yana nan. Hure ta ce ita ba ta gama ganina ba, za ta koma in an sake cewa manya suna tafe. Saboda haka maganar kwalbati ki ci gaba da ɗora ta a saman tebur, mutanen Tungar Gawo suna bukata. Amma in ana neman sabuwar ranar ziyara, ba sai kin tuna wa kowa da wuri ba.

Ki gai da Onarabul. Iya Hure tana gaishe ki, ta ce ki zo ki ga kishin da ba ki taɓa gani ba, don ta ƙwace miki miji.

Kakanki,
Namadi Abdulwahabu

Ƙari: Jiya Alhamis na sa babbar riga da hula na zauna a zaure tun hantsi. Hure ta dama fura cike da ƙwarya. Sai da yamma Atine ta kawo saƙonki cewa an ɗage tafiyar. Baƙin naku dai ba su zo ba. Mu biyu muka shanye furar.